Baturan sola na sun fara ɗaukewa tun ƙarfe ɗaya na dare, wata 14 kacal da saye

Manomin_Kware:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wurin masu sani. Gidana yana cikin gona ne a bayan Kware, turakun wuta ba su iso mu ba, ba na kuma sa ran isowarsu nan kusa. Da janareta muke lallaɓawa, amma tun da aka cire tallafin mai a 2023 ya gagare ni, sai na sayar da bijimi na haɗa sola: fanel huɗu masu wat 300, batir tubula biyu (na dalma mai ruwa) masu 220Ah, wato ma'aunin cajin da suke ɗauka, a haɗin bolt 24, da inbata mai juya wutar batir ta zama irin ta gida. Da farko har kiran assalatu fanka na juyawa. Yanzu wata 14 ke nan, ƙarfe ɗaya na dare inbata za ta fara kuka, kafin ɗaya da rabi ta ɗauke. Ga bazara ta kunno kai, ga mahaifiyata tsohuwa a gidan, ba ta jure zafi. Ni dai zargina jabu aka sayar mini. Akwai wanda ya taɓa ganin irin haka? In kuma suna gyaruwa, ta ina ake farawa?

Dan_Mabera:
Wa alaikumussalam. Jabu ne mana Malam. Kasuwa ta cika da tsofaffin batura da ake wankewa a manna musu sabuwar takarda. Ka kwashe su ka mayar wa wanda ya sayar maka.

MaiSola_RunjinSambo:
@Dan_Mabera a yi haƙuri tukuna, kada mu ɗauki alhakin mutum. Jabun batir ba ya kai shekara yana kwana da fanka, tun watan farko yake tona kansa. Malam Manomi, ka amsa mini waɗannan. Me da me kuke kunnawa daga magariba zuwa safe? A wane ɗaki baturan suke? Yaushe ka ƙara musu ruwa, kuma wane irin ruwa? Yaushe rabonka da wanke fanel? Sannan na'urar cajinka, wadda take tsakanin fanel da batir, PWM ce mai sauƙi ko MPPT mai daidaita wutar fanel da ta batir?

Manomin_Kware:
Na gode Injiniya. Fanka uku na tsaye, firiza guda wadda maiɗakina take yin ƙanƙara da zoɓo, talabijin zuwa ƙarfe goma, ƙwan fitila shida. Da asuba ƙanena yana kunna famfo ya cika tanki don shayar da dabbobi. Baturan suna sito, rufin kwano ne babu silin. Ruwa na ƙara sau biyu, na leda, don na ga ya fi na rijiya tsabta. Fanel kuwa tun ruwan ƙarshe na damina ba wanda ya hau. Na'urar an rubuta PWM a jikinta.

MaiSola_RunjinSambo:
To Malam, bari mu yi lissafi tare. Batir biyu masu 220Ah a bolt 24 suna ɗauke da abin da ya kai wat 5,280 na awa ɗaya. Amma batirin dalma ba a shan fiye da rabinsa in ana so ya daɗe, ka ga naka na gaskiya wajen 2,600 ne. Fanka uku, kowace a ce wat 60, awa goma, 1,800 ke nan. Firiza a zafin Sakkwato da kyar injinta yake hutawa, ka ba ta 1,000 ko fiye a dare. Talabijin da fitilu su ci wajen 500. Ita kanta inbata tana cin nata ko ba a kunna komai ba, a ce 400 kafin gari ya waye. Mun haura 3,500 tun ba a zo kan famfo ba. Shi kuma famfo da asuba shi ne mafi muni, don lokacin batir ya riga ya galabaita, sai a ɗora masa injin da yake fizgar wuta ninki uku ko fiye a lokacin tashi.

Da rana kuma fanel ɗin da ƙurar hunturu ta lulluɓe wata biyar ba za su iya mayar da abin da aka ci ba. Batirin da yake kwana da yunwa kullum, wani farin gishiri yake kamawa a jikin farantan cikinsa, ya daskare, wurin ya daina karɓar caji. Shi ya sa za ka ga da rana ya nuna ya cika da wuri, da dare kuma ya zube da wuri.

Baba_Wurno:
Injiniya ya hwaɗi gaskiya. Ni shekarata shida da sola nan bakin hwadama, batura na hwarko shekara ɗaya da rabi sunka yi min, na biyu ga su cikin shekara ta huɗu. Ba kamhwani nis sake ba, hali nis sake. Jakin da aka ɗora ma kaya tun asuba ba a ba shi harawa ba, ba ya kai kasuwa.

Maman_Khairat:
Sannunku da ƙoƙari. Ni ina so in yi magana ta ɓangaren cikin gida, don sola a hannun mata take wuni, maza sai dare suke tuna ta. Mu muna wajen Bodinga, mu ma babu wutar gwamnati. Abin da ya cece mu shi ne mun juya aikin gida gaba ɗaya ya bi rana.

Da asuba babu abin da ke kunne sai fitilar madafa da ta banɗaki. Bayan sallah yarona babba yake hawa ya goge fanel da tsumma mai laushi da ruwa rabin bokiti, kafin gilashin ya ɗau zafi. Shara, wanke-wanke, ba kaji dusa, kai awaki turke, duk ba su buƙatar wuta. Sai wajen ƙarfe goma, in rana ta ɗaga, nake kunna firiza. Famfo sha ɗaya zuwa sha biyu, kuma ba na haɗa tashinsu lokaci guda. Markaɗe da guga duk tsakanin sha biyu da biyu. Cajin wayoyi da tocila da fankar caji ta ɗakin yara, duk da rana. La'asar na yi nake kashe firiza, ba kuma mai buɗe ta sai da dalili. Na jera robobin ruwa a ƙasanta, su ne suke daskarewa su riƙe sanyin har gobe. Na lulluɓe murfinta da tsohon bargo, amma ban toshe gefen da take fitar da zafi ba.

Ruwan dabbobi na safe kuwa, ai tun jiya yake cikin tanki. Maigidana yakan ce tankin nan shi ne batirinmu na uku, kuma shi ba ya neman ruwan batir.

Da farko da wuya, ba zan ɓoye ba. Na saba guga da dare bayan yara sun kwanta, sai da na yi wata ina jin abin banbaraƙwai. Kayan makaranta na safiyar Litinin in an manta, dutsen gawayi nake hurawa.

Dan_Mabera:
Ai dama matsalar daga mata take. Firiza da dutsen guga su ke kashe batir. A cire firizar kawai a huta.

Maman_Khairat:
@Dan_Mabera ɗan'uwa, ka sake duba lissafin Injiniya. Fanka uku sun fi firizar ci. Kuma ƙanƙarar nan da zoɓon da ka ce a cire, a gidaje da yawa da kuɗinsu ake sayen omo da maggi da littafin yara, balle da azumi. Ba cirewa za a yi ba, lokaci za a sauya mata.

Ummu_Sudais:
Allah ya saka da alheri Maman Khairat, kin faɗi abin da ke raina. Tambayata, in an kashe firiza tun la'asar, nama ba ya lalacewa?

Maman_Khairat:
In ya riga ya daskare sosai kuma yana ƙasa tsakanin robobin, lafiya lau yake kwana. Amma ɗanyen nama da aka kawo da yamma ba na sa shi, soyawa nake yi ko in tafasa. A watan Afrilu da Mayu kuma nakan ƙara mata awa ɗaya zuwa biyar na yamma.

Tsohon_Direba:
Maganar ruwa nake so in koma. Mu zamanin da muke jan babbar mota Sakkwato zuwa Legas, ruwan sama muke tara wa batir, ba mu ga illa ba. Malam ya tari ruwan sama in damina ta zo, ya daina kashe kuɗi.

Malamin_Kimiyya:
Baba Direba, Allah ya ƙara girma, ruwan sama ya fi na rijiya kam, amma akwai sharaɗi. Wanda ya biyo ta kan kwano da indararo ya kwaso tsatsa da ƙura da kashin tsuntsu, ƙarfe kuwa guba ne ga batir. Ruwan farkon damina a nan ma da jar ƙasa yake sauka. Batirin mota kuma daban ne, aikinsa ya tada inji na daƙiƙa kaɗan sai mota ta ci gaba da cika shi. Na sola kullum sai ya sauka ya hau, ruwansa yana ƙonewa ana ƙarawa, duk dattin da ya shiga yana nan yana taruwa, don ruwa ne kawai ke fita.

Ruwan leda da Malam ya zuba mai tsabta ne ga ciki, amma yana da gishirin ƙasa a narke. Mu nan ƙasarmu akwai farar ƙasa, ita ce ma ake haƙa a Kalambaina ana siminti. Ku duba cikin butar shayi ku ga farin da yake kamawa, to shi ne yake shiga batir. Abin da ake so tataccen ruwa ne na tururi. Gwaji mai sauƙi: ɗiga shi a kan gilashi mai tsabta ka bar shi ya bushe a rana. In ya bar farin tabo, kada ka zuba.

A kula kuma, a kasuwa abu biyu ake kira ruwan batir. Akwai tataccen ruwa, akwai mai asid wanda ake zuba wa sabon batir busasshe. Batirin da yake aiki ba a ƙara masa asid, asid ɗinsa yana nan bai tafi ko'ina ba.

Tsohon_Direba:
Na karɓi gyara Malam. Amma in an shimfiɗa roba mai faɗi a fili tsakiyar watan Agusta, bayan sama ta wanke, ba ta kan kwano ba fa?

Malamin_Kimiyya:
In babu yadda za a yi, wannan ya fi barin faranti a bushe. A tace da farin ƙyalle, a ajiye a jarkar roba, ba ta ƙarfe ba.

Auwal_Illela:
Ni duk wannan wahalar ce ta sa na koma batirin litiyam. Ba ruwa, ba asid, ba wari, kana shan kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari ba abin da zai same shi, kuma yana cika da sauri. Wanda ya sayi tubula sau biyu ai ya biya kuɗin litiyam bai sani ba.

Baba_Wurno:
Ɗana Auwal, mutumen da yas sai da bijimi yah haɗa wanga, ka ce mai shi sawo litiyam yanzu? Da wane bijimin? A taimaka mai da abin da ag gare shi tukun.

MaiSola_RunjinSambo:
Litiyam yana da kyau, ina haɗa wa mutane, musamman nau'in da ake kira LiFePO4. Amma abu biyu. Na ɗaya, shi ma zafi yana rage masa kwana, in ka kulle shi a sito mai rufin kwano ba a yi komai ba. Na biyu, akwai wanda ake haɗawa da tsofaffin ƙwayoyin batir a sa a sabon akwati, sai ka san hannun da za ka saya. Sannan dole inbata da na'urar caji su zama masu karɓar saitinsa. Wanda bai gyara yadda yake shan wuta ba, ko me ya saya zai dawo da kuka.

Maganar sito ma ban taɓo ba ɗazu. Ana auna ƙarfin batir ne a zafin digiri 25, kuma abin da aka sani shi ne duk ƙarin digiri goma yana raba kwanan batirin dalma biyu. Mu nan a Afrilu inuwa ma tana haura 40, to ina ga ƙarƙashin kwano da azahar? Malam, in kana da ɗakin ƙasa mai rufin azara, can ya fi. A ɗora su kan katako, a bar tazara tsakaninsu, a bar taga a buɗe. Amma ba ɗakin da ake kwana ba, don lokacin caji suna fitar da iska mai kama wuta.

Hajiya_Arkilla:
Wannan gaskiya ne. Wani yaron maƙwabtanmu ya kyasta ashana zai leƙa ramin batir ya ga ruwa, murfin ya tashi, Allah ya tsare idonsa amma fuskarsa ta ƙone. Don Allah a riƙa amfani da tocila, a kuma hana yara shiga wurin.

Nas_Gwadabawa:
Tunda an zo nan, ina roƙo kada a bar mataccen batir a tsakar gida yara suna wasa da shi, kada kuma a fasa shi a gida don a ciri dalma. Ba mu manta abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, yankin Anka da Bukkuyum, inda gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara. Can daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta fito, amma dalmar dai ita ce a cikin batir. Tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro ba tare da an ga alama da wuri ba. A ba masu saye shi a rufe yadda yake, kada a zubar da ruwansa inda kaji da awaki suke kiwo ko kusa da rijiya.

Sani_Dange:
Ni tambayata daban ce, ku yi haƙuri. Kawunan batirina suna yin wani farin gari mai kore-kore, na goge ya dawo.

Baba_Wurno:
Kashe inbata, kwance wayar, jiƙa 'yar kanwa ga ruwa ka wanke da tsohon buroshi, za ka ga tana kumhwa. Kak ka bari ko ɗigo shi shiga cikin ramin batir. In ya bushe ka ɗaure tamau ka shahwa basilin. Kuma ka rage cika ruwa har baki, shi as sa shina amai in ya ɗau caji.

MaiSola_RunjinSambo:
Haka ne Baba. Shi ya sa ake ƙara ruwa bayan batir ya cika, ba kafin ba, sai dai in faranti sun fito fili, sai a zuba kaɗan ya rufe su tukuna. A bazara a duba duk sati biyu. Sifana kuma a naɗe mata hannu da tef, in ta haɗa kawuna biyu ba daɗi.

Manomin_Kware:
Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Jiya da safe na hau da kaina. Wallahi da yatsa na rubuta sunana a kan gilashin saboda ƙura, ga kashin tantabaru ya bushe a kan guda biyu. Sannan reshen dogonyaron da ke bayan sito ya yi tsawo, daga ƙarfe biyu inuwarsa tana rufe gefen fanel ɗaya. Na sare shi. Na hana ƙanena kunna famfo sai sha ɗaya. Na karanta wa maiɗakina abin da Maman Khairat ta rubuta, ta ce ita dama ta lura in an yi guga da yamma wutar ba ta kai ko sha biyu, ba wanda ya tambaye ta ne. Daren jiya mun kai ƙarfe uku saura.

Ummu_Sudais:
Masha Allah. A riƙa tambayarmu dai.

Dan_Mabera:
Uku saura ai ba asuba ba ce. Ni har yanzu ina kan bakana, batir mai kyau ba zai faɗi haka a wata 14 ba, ko da ruwan leda. Na maƙwabcina shekara biyu bai taɓa wanke fanel ba.

Lawali_Goronyo:
@Dan_Mabera wataƙila maƙwabcinka fitila da caji kurum shika yi. Malam Manomi, shawarata bisa famfo: in hali ya samu ka raba shi da batir ɗungum. Mu nan masu albasa da yawa mun koma famfon da aka haɗawa kai tsaye da fanel nai, rana ta hito shi tashi, ta hwaɗi shi tsaya. Ba batir, ba inbata. Ka ƙara tanki ko ka gina kwalbati, dabbobi su sha, ka ba zogale da tattasai. Kuma fankokin nan uku ka sake su da masu aiki da DC, wato wutar batir kai tsaye, ba su kai rabin cin waɗancan ba. Ta ɗakin Inna ita ɗai ka bari babba.

Hajiya_Arkilla:
Mu da bazara ma tsakar gida muke shimfiɗa, a yayyafa ruwa da yamma ƙasa ta huce, a ɗaura gidan sauro. Fanka ɗaya take isar mu duka. Ruwan sha kuma randa, ba sai an yi ta buɗe firiza ba.

MaiSola_RunjinSambo:
Malam Manomi, ci gaba ne, amma kada mu yi saurin murna. Ka samo mitar auna bolt ko ta aro ce. Ka rage kaya kwana uku baturan su ƙoshi sosai, da azahar ka ga na'urar caji ta kai wajen bolt 28.8 ta zauna a nan awa biyu ko uku. Da magariba ka kashe komai, ka jira awa biyu, ka auna kowane batir shi kaɗai. Lafiyayye zai nuna wajen 12.6 zuwa 12.8. In ya nuna 12.1 ko 12.2, rabi ke nan. Ka kuma duba a nawa inbatarka take ɗaukewa, da yawa an saita su sai wajen 21, wanda kafin nan an riga an tatse batir. In tana karɓar saiti ka ɗaga ta zuwa 23.5 ko kusa. In na'urarka tana da cajin daidaitawa, wanda take ɗaga wuta sama da 30 ruwan ya yi ta tafasa a hankali, a yi shi sau ɗaya a wata, yana farfaɗo da wanda bai yi nisa ba. Na tubula mai ruwa kawai nake nufi, masu batir rufaffe kada su gwada. Ita kuma PWM ɗin, in fanel ɗinka masu ƙwaya 60 ne, wato ƙananan murabba'an da ake gani a gilashin, da kyar suke kai bolt ɗin da zai cika batir 24 in sun ɗau zafi. Ka karanto mini abin da aka rubuta a bayansu.

Manomin_Kware:
Injiniya na yi yadda ka ce, kwana uku ba firiza da dare, fanka ɗaya ta ɗakin Inna. Na auna ɗazu bayan isha'i. Na dama 12.6. Na hagu 10.6. Na sake aunawa sau uku, haka yake. Na haska da tocila, rami na biyu daga gefe ruwansa ya yi duhu, sauran biyar garau. Bayan fanel kuma an rubuta Vmp 32.4.

Malamin_Kimiyya:
Ɗaki shida ne a cikin batir, kowane rami ɗaki guda, kowane yana ba da bolt 2.1. In ka cire na ɗaki ɗaya, wato 2.1, daga 12.7 na cikakken batir, ai 10.6 ya rage. Ɗaki guda ya mutu a na hagu, shi yake jan ɗan'uwansa ƙasa.

Dan_Mabera:
To kun gani. Ruwa ɗaya aka zuba musu, sito ɗaya, kaya ɗaya, me ya sa ɗaya ya mutu ɗaya bai mutu ba? Tun daga shago yake da aibi. Malam ka nemo rasit ɗinka ka duba garanti.

MaiSola_RunjinSambo:
Zai iya yiwuwa, ban musa ba, a duba garantin. Amma wahala in ta yi yawa mai rauni take fara kayarwa, ba a tare suke faɗuwa ba. Abin da ke gabanmu yanzu shi ne, in aka haɗa sabo da tsoho a layi ɗaya, tsohon zai tsufar da sabon. Ni da so samu ne a sake duka biyun, na daman a mayar da shi na fitilu da cajin waya shi kaɗai. Kuma Vmp 32.4 ɗin nan, wato bolt ɗin da fanel yake bayarwa in yana aiki sosai, ya tabbatar da zargina, da zafin azahar yana sauka ƙasa da 29, sai an sa MPPT an jera fanel biyu-biyu kafin kowane batir ya ƙoshi a gidan nan.

Baba_Wurno:
Na dama wata 14 ɗai gare shi kuma shina nuna 12.6, ban ga dalilin yada shi ba. Ni na taɓa haɗa sabo da ɗan shekara guda, sun kai ni shekara biyu. A sawo guda irin nai, a hidda su daga sito, sauran kuɗɗin a sa ga na'urar caji.

Manomin_Kware:
Kuɗin da ke hannuna ba zai yi batir biyu da na'ura ba sai an cire albasa. Rasit yana nan, gobe in Allah ya kai mu zan shiga gari da na hagun a mota. Baba, ɗakin ƙasar da nake da shi yana da nisan taku goma sha biyar daga inda inbata take. In na mayar da baturan can, wayar da ke jiki za ta yi, ko inbatar ma tashi za ta yi ta bi su?